Ladani Biyu a Gida Ɗaya

Mubarak, ranar da muke shirin sunan abin da matarka za ta haifa, na ambaci Kawunku Nura, sai ka juya harshe zuwa Turanci, yadda kake yi in ba ka son a ja magana, ka ce ba ka son ganinsa a gidanka. Fa'iza tana gefe tana danna waya, amma na san bakinku ɗaya. Kun tashi da labarin cewa ƙanena ya sace aikin mahaifinku, kuma babu wanda ya taɓa zaunar da ku ya gaya muku yadda aka yi. In na fara da baki kuna katse ni, ku ce in je kan maganar. Shi ya sa na rubuta, don in faɗa a tsanake, tunda ni kaɗai ce na zauna a tsakiyar abin, mijina a dama, ɗan'uwana a hagu.

Abbanku kafin ya san kwamfuta, agogo ya sani. Yana ƙarami a Kano aka kai shi wurin wani dattijo mai gyaran agogo a bakin kasuwa, in an tashi daga makaranta can yake wuni. Da zai tafi jami'a, mahaifinsa ya raka shi da goro da dabino, shi kuma Abbanku ya cire takalmi ya durƙusa ya ce ya zo neman sallama. Dattijon ya yafe masa duk agogon da ya taɓa lalatawa, ya sa masa albarka, sannan ya ciro ɗan madubin nan da masu gyaran agogo ke maƙalawa a ido ya ba shi. Yaye ke nan, haka ake yi wa ɗan koyo in zai tsaya da ƙafarsa. Labarin nan na ji shi har na haddace, kuma madubin ya zo Amurka a aljihun rigarsa, lokacin da ni da kayana muke cikin jirgi muna rawar ɗari.

Da muka sauka Greensboro, aiki yake a ɗakin kwamfutoci na jami'ar da ke gabashin gari, muna haya a wani bene kusa da High Point Road, wadda ku yanzu kuke ce wa Gate City. A nan ya kamu da abin da nake tsokanarsa da cewa ɗariƙa ce, don yana da shehunanta, yana da wa'azinta, kuma ba ya gajiya da neman mabiya. Yakan ce a farkon zamanin kwamfuta masu rubuta manhaja miƙa wa juna aikinsu suke yi, kamar maƙwabta masu ɗebo wuta a gidan juna. Sai kamfanoni suka fara kulle asalin rubutun, su sayar maka da abu amma su hana ka leƙa cikinsa. Akwai wani Bature mai gemu a wata jami'a can arewa da firinta ta dama da cin takarda, ya nemi a nuna masa rubutunta ya gyara, aka hana shi, shi ne ya ci alwashin rubuta manhajar da kowa zai iya buɗewa, ya gyara, ya ba wani. Daga baya wani ɗalibi a wata ƙasa mai sanyi ta Turai ya saki nasa aikin a intanet ya ce duk mai so ya sa hannu, mutanen da ba su taɓa ganin juna ba suka taru suka gina shi. In Abbanku ya zo nan a labarin, idonsa har ƙyalli yake yi, tuwonsa kuwa ya huce a gabansa.

"Agogon da aka liƙe bayansa ba naki ba ne, Asabe," yakan ce. "Haya kike yi."

"To ka ci abincin da aka buɗe maka," ni kuma in ce.

A garin nan ba a jin kiran salla daga masallaci, kun sani. A wancan lokaci wata takarda muke liƙawa a jikin firiji, in wata ya ƙare a nemo sabuwa, in an manta sai dai a leƙa taga a yi kirdado. Abbanku ya ɗauki ƙarshen makonninsa ya rubuta manhajar da ke lissafa lokutan salla na kowane gari, ta kira da kanta in lokaci ya yi. Ya sa mata suna Ladani. Muryar da kuka tashi kuna ji a falo ta Alhaji Isufu ce, mutumin Maraɗi mai kantin kayan abinci, a ɗakinmu na kwana aka naɗe ta, an toshe ƙofa da bargo saboda kukanka, Mubarak. Da ya gama ya saka ta a intanet da asalin rubutunta duka, ya rubuta a sama cewa kowa na iya ɗauka, ya canza, ya raba, ba sai ya tambayi kowa ba, sharaɗin kawai ya bar nasa a buɗe shi ma, kuma kada ya goge sunan waɗanda suka riga shi. Ranar Juma'a ya cika aljihu da faifai yana rabawa a ƙofar masallaci kamar mai sadakar dabino.

Ana cikin haka Nura ya zo. Shi ne autanmu, kuma Abbanku ne ya yi masa hanyar karatu, ya je ya ɗauko shi a filin jirgi, ya ba shi kujerar falo ya kwana a kai shekaru. A teburin cin abinci ya koya masa rubuta manhaja, sai na kore su da ludayi kafin in sami wurin ajiye miya. Akwai wasa tsakanin miji da ƙanin mata, su kuwa sun kai shi ƙarshe. Abbanku ba ya kiransa sai Ɗan Koyo, shi kuma ya ce masa Shehun Ɗariƙa. Wata Asabar Alhaji Isufu ya zo gaisuwa, Nura na zaune, ya gyara murya ya ce:

"Malam, ina so in aika wa 'yan'uwa a Maraɗi su sa a ordinatarsu, kwamfuta ke nan a bakinku. Na ce sai na nemi izininka tukuna."

Abbanku ya ɓata fuska kamar an zage shi. "Alhaji, in ka sake neman izinina a kan Ladani za mu ɓata. Ba tawa ba ce. Duk wanda ya zo tambayata bai fahimci abin da na yi ba."

Nura ya ji wannan da kunnensa, ya kuma riƙe. Ni ma na ji wata magana da shi bai ji ba. Wata rana ina ninke kaya na ga Abbanku yana goge madubin nan da gefen riga, ya ce min ranar da yaron nan zai tsaya da ƙafarsa, madubin nasa ne. Na ce ɗanka fa? Ya ce Mubarak ƙwallo yake so, a bar shi da ƙwallonsa. Ya hana ni gaya wa Nura, wai ba a sanar da ɗan koyo, sai ranar da ya zo neman sallama.

Shekarar da abin ya lalace ita ce shekarar da wayoyin shafawa suka cika gari. Nura ya gama karatu, ya sami aiki, ya yi aure ya koma nasa benen, amma duk Asabar yana gidanmu cin waina, kuma rabin gyare-gyaren Ladani shi yake yi. Ashe ɗariƙar tasu ma ta daɗe da rabuwa gida biyu. Na farko suna cewa maganar 'yanci ce da haƙƙi, manhajar da aka kulle zalunci ce, kada a kusance ta. Na baya suka ce a rage wa'azi, a ce kawai buɗaɗɗen aiki ya fi inganci, don kamfanoni su shigo a tafi tare. Abbanku na farko ne har ɓargo, Nura kuwa na baya. Nura yana so a kai Ladani cikin waya, Abbanku ya ce wayoyin nan a kulle suke, ba zai ɗora aikinsa a kan abin da ba a bari a buɗe ba. Duk Asabar sai an yi wannan musun, ni ina juya waina ina jin su.

"Yaya, mutanenmu suna cikin manyan motoci, suna gidajen ajiye kaya, suna asibiti suna aikin jinya. Kwamfutar tana gida tana kira wa kujeru salla."

"To su duba agogo."

"Kai ka ce duk mai so ya gyara."

"Na ce. Amma ni ba da hannuna ba."

Nura ya ɗauki wannan a matsayin amsa. Ya shafe watanni yana aiki a gidansa bai ce komai ba, yana so ya zo da abu gamamme. Da ya gama, ya yi yadda ake yi a sana'arsu: ya ɗauki rubutun Ladani ya buɗe nasa reshen, ya sa masa suna Hasumiya, ya bar shi a buɗe, ya bar sunan Abbanku a sama inda yake. Sannan ya aika da sanarwa a dandalin imel ɗin da masu taimaka wa Ladani ke haɗuwa, da Turanci mai ladabi, har da godiya ga wanda ya kafa aikin. Ku lura da wannan, don shi ne abin da kuke kira sata. Babu abin da ya ɓoye, babu abin da ya sayar, kuma ko kwabo Hasumiya ba ta taɓa kawo masa ba.

Abbanku ya karanta sanarwar a ofis. Da ya dawo bai ci abinci ba. Ranar Asabar Nura ya shigo da fara'arsa, waya a hannu, yana so ya nuna. Kuna falo ku biyu kuna kallon talabijin, shi ya sa kuka ji wutsiyar maganar ba ku ji kanta ba.

"Shehun Ɗariƙa, ka ga saƙona?"

"Na gani. Tare da mutanen Turkiyya da na Masar na gani."

Nura ya tsaya, murmushinsa bai gama saukowa ba. "Yaya, ai kai ka rubuta ba sai an tambaye ka ba. A gabana ka yi wa Alhaji Isufu faɗa. Na ga in na zo neman izini kamar na raina abin da ka koya min ne."

"Duniya na rubuta wa. Kai duniya ne?"

"To me zan yi yanzu? In janye?"

"Ka riga ka ɗauka," in ji Abbanku. "Ka je da shi."

Ya tashi ya shiga ɗaki. Nura ya zauna ya ci waina ɗaya don kada raina ya ɓaci, ya tafi. Kalmar nan ta ɗauka ita kuka riƙe, mutanen masallaci suka ƙara mata gishiri, kafin wata ya zagayo ta zama sata. Ni kuwa na san babu wanda ya yi ƙarya a cikinsu. Abbanku da gaske yake da ya ce kowa ya ɗauka, ya ba baƙin da bai taɓa gani ba da zuciya ɗaya. Amma yaron da ya kwana a kujerarsa, so yake ya cire takalmi ya durƙusa ya ce ya zo neman sallama, shi kuma ya yafe masa, ya miƙa masa madubi. Ya ƙi faɗa, don a ganinsa in sai an faɗa to ba ta da amfani. Nura kuma bai taɓa zama a rumfar mai sana'a ba, boko ya yi daga farko har ƙarshe, kuma malamin da ya koya masa sana'a shi ne ya koya masa cewa ba a tambaya. Na je na ce wa Nura ya zo ya ba da haƙuri, ya zo ya bayar, Abbanku ya ce babu komai, ai bai yi laifi ba. Wannan babu komai ɗin ya fi zagi ciwo, don bai bar wata ƙofa da za a shiga ba.

Ba su yi gaba ba, Abbanku ya fi ƙarfin wannan. Suna gaisawa a masallaci, suna musafaha ranar Idi. Wasan ne ya mutu, da Asabar ɗin. Mutane suka koma Hasumiya, masu taimako ma suka bi, har daga ƙasashen da ban san sunansu ba, Ladani ta rage daga Abbanku sai tsofaffi irin Alhaji Isufu. Ni kaina da na fara aiki a gidan kula da tsofaffi, na sa ta Nura a wayata, don ba zan ɗauki kwamfuta a ka ba. Abbanku ya sani, bai taɓa ce min don me ba. Haka gidanmu ya koma mai ladani biyu, ɗaya a falo, ɗaya a aljihuna, shekara da shekaru.

Da ciwon ƙoda ya zaunar da shi, lokacin mun koma gidanmu na gabashin gari, ku kuma kun watse wuraren karatu da aiki. Nura ya zo dubiya cikin ayarin mutanen masallaci, ya tsaya a baya, aka yi addu'a ya fita tare da su. A lokacin sanyi na ƙarshe, Abbanku yana zaune ba aikin komai sai sauraro, ya lura wayata tana riga kwamfuta kiran la'asar da ɗan kaɗan. Mai gyaran agogo ba ya iya barin wannan. Ya sa na kafa masa sandar mofar goge ƙasa a ɗan filin da ke baya, ya rufa da bargo yana auna inuwa, maƙwabciyarmu tana leƙe ta taga tana zaton tsohon ya fara ruɗewa. Ya tabbatar kuskuren a Hasumiya yake. Ya buɗe rubutun Nura, karo na farko tun da aka yi abin, ya daɗe yana karantawa yana gyaɗa kai.

"Yaron nan ya iya aiki," ya ce, kamar da kansa yake magana. "Kuma bai kulle ba."

A tsarinsu, duk wanda ya ga kuskure yana iya gyarawa ya aika wa masu riƙe da manhajar su duba, in sun yarda su karɓa, in ba su yarda ba su mayar masa. Da can Abbanku ne mai dubawa, Nura mai aikowa. Ya yi kwanaki yana gyaran, yana hutawa yana komawa. Da zai aika ya yi dariya ya ce yau shi ne ɗan koyo. Na ce ya ƙara ko gaisuwa ce a ƙasa. Ya ce ba a gaisuwa a wurin, sunansa ya isa. Ni da na san shi, na san wannan ita ce durƙusawar da ya iya, kuma ba ƙaramin abu ya haɗiye ba kafin ya danna. Washegari amsa ta zo da sunan Hasumiya, an gode, an karɓa.

"Ya gani ke nan," ya ce. "Asabar ki ƙara ƙullun waina."

"Bari in kira shi."

"Kada ki kira shi. Ya gani. Ki bar shi ya zo da ƙafarsa."

Ranar Asabar ya yi wanka ya sa farin kaftaninsa, ya zura madubin a aljihu, ya zauna a kujerar da ke kallon titi. Duk motar da ta rage gudu sai ya gyara zama. La'asar ta yi, kwamfuta da waya suka kira tare, ba ka bambance su, ya kalle ni ya yi murmushi, amma ba wanda ya buga ƙofa. Asabar ta gaba ma haka, da wadda ta biyo ta, har itatuwa suka fara fure. Wainar da ta rage nake kai wa maƙwabta. Muna waya da Nura a kan maganar gida, ina jira ya taso da zancen, bai taso ba, ni kuma na ɗauka girman kai ne, har na fara jin haushinsa. Ni ma na yarda ya gani, ban taɓa shakka ba. Wannan shirun shi ne abin da ya fi ci min rai a duk rayuwata, ya fi barin gida, ya fi sanyin ƙasar nan.

Da Allah ya karɓi ran Abbanku, ranar addu'ar uku, da rana, mata sun cika falo, Nura ya same ni a kicin. Kai ne ka tare shi a ƙofa kafin nan, Mubarak, ya miƙo hannu ka ƙi karɓa, ka ce masa da Turanci abin da ya ɗauka ya isa haka. Na ji ka, kuma a lokacin ban ga laifinka ba, don ni ma a cike nake.

"Ko gyaran da ya aiko maka bai isa ka tako ba?" na ce masa.

"Wane gyara, Yaya?"

Na ɗauka rainin hankali ne, sai na ga fuskarsa. Ya ciro waya ya yi ta nema, har ya kai ga sunan Abbanku. Ashe aikin ya yi yawa, ya daɗe da raba dubawa tsakanin masu taimako, wata yarinya ce a Indunusiya ta ga gyaran, ta ga daidai ne, ta karɓa ta yi godiya. Sunan Abbanku bai ce mata komai ba illa sunan da ke saman rubutu. Ta yi aikinta yadda ya kamata, yadda shi kansa ya yi ta wa'azi a yi. Nura ya zame ya zauna a ƙasan kicin da manyan kayansa, tsakanin kuloli.

"Da na gani," ya ce, "ko takalmi ba zan tsaya sawa ba."

A nan na gaya masa labarin madubin, da wainar, da farin kaftanin. Na shiga ɗaki na ɗauko na miƙa masa. Ya kalle shi ya daɗe, ya mayar da hannuwansa baya.

"Ba ke za ki ba ni ba, Yaya. Na riga na ɗauki ɗaya ban tambaya ba. Wannan sai in mai shi ne ya bayar, ko magajinsa."

Na mayar da shi aljihun kaftanin, yana nan rataye a inda kuka sani. Kawunku bai sake tayar da maganar ba, bai kuma taɓa kare kansa a wurinku ba, ya ce ku marayu ne, a bar ku da abin da ke sanyaya muku rai. Ni ce ban yarda ba. Na ga abin da jira ya yi wa mahaifinku, ba zan zauna in ga an sake wani ba. Fa'iza, ke kika fi kowa hawa wuyan Kawunku kina ƙarama, ki tuna. Mubarak, kai ne magajin. Ka zo ka ɗauki madubin kafin matarka ta sauka, ka kai masa da hannunka, kada ka aika da saƙo. Yana nan gidansa na bayan Gate City, kuma tun rasuwar Abbanku, Asabar ba ya fita.